Daddawa a Ƙasar Dabino

Itacen ɗorawa ba ya fitowa a Fezzan. Shi ɗan ƙasar damina ne, irin ta kudancin Katsina da Zariya da Gaya ta Nijar, ita kuwa Sabha sai shekara ta zagayo ba a ga ruwan da zai jiƙa soro ba. Duk da haka ana kaɗa miyar kuka da daddawa a Sabha. Hajara, wadda ita da Jadid da Gurda ne tsoffin ƙauyukan da suka haɗe suka zama birnin, yau unguwa ce a garin da ya zama babban zangon 'yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya: magina, leburori, masu aikin gona, masu gadi, masu wanki da guga. Sun taso daga Agadas a bayan Hilux, sun bi ta Dirku da Madama da Gatrun, kwana da kwanaki a cikin rairayi, a motar da ake ƙididdige wa mutum ko jarkar ruwa. A irin wannan matsi, ga wanda zai soke ƙullin daddawa a ƙuryar jakarsa, kusa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji.

Kwaɗayin gida ne, babu shakka. Amma akwai dalilin da ya sa daddawa ke iya wannan tafiya, tumatir da ɗanyen nama ba sa iyawa. Kakanninmu, da kakannin mutanen Fezzan, sun zauna a ƙasashen da zafi ke lalata abinci cikin yini guda, ba ƙanƙara ba firji. Mafita uku suka samu: a shanya, a zuba gishiri, ko kuwa a bar abu ya kwana, ya canja ta hanyar da ake so tun kafin ya canja ta hanyar da ba a so. Wannan ta ukun ita ta ba mu nono da kindirmo, koko da kunun zaƙi, waina da funkaso, daddawa da daddawar batso. Ita ce kuma ta fi buƙatar ilimi, domin tsakanin abin da ya yi da abin da ya ruɓe tazarar ba ta da yawa.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin tsoffin shaidun wannan ilimi a duk Afirka daga Fezzan ɗin ya fito. A duwatsun Akakus, can kudu maso yamma wajen Gat, akwai wani kogo da ake kira Takarkori. Masu tonon tarihi na Jami'ar Sapienza ta Roma, ƙarƙashin Savino di Lernia, sun haƙo fasassun tukwane a wurin, masana na Jami'ar Bristol ta Ingila kuma suka auna maiƙon da ya shige jikin yumɓun. A 2012 suka bayyana cewa maiƙon madara ne, na wajen shekara 7,000 da suka wuce. A lokacin Sahara kore take, da tafkuna da makiyaya, kuma zanen da ke jikin duwatsun yankin har da na mutane suna tatsar shanu. Madarar da aka zuba a tukunyar ƙasa cikin zafi kuwa ba ta jiran izinin kowa, tsami za ta yi. Ke nan abin da Bafulatana ke yi da ƙwaryarta a rugar bayan Daura, an yi makamancinsa a ƙasar da Sabha take tun kafin a aza tubalin dalar Masar.

Yadda nono ke kama jiki ba ɓoyayyen abu ba ne yanzu, tun da Louis Pasteur na Faransa ya nuna a 1857 cewa aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna cinye zaƙin da ke cikin madara su mayar da shi tsami. Tsamin ne ke sa ta daskare, shi ne kuma ke hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa. Matan ruga ba su jira Pasteur ba. Sun san a tafasa madara a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, a ɗiga ɗan nonon jiya, a rufe da faifai a ajiye inda ba za a motsa ba. Sun san ƙwaryar da ta saba ta fi sabuwa, domin irin yana maƙale a jikinta. Da safe in an samu kindirmo, ko a sayar da shi haka da maiƙonsa, ko a kaɗe a tsame man shanu a bar tsala. Larabawan Libiya ma haka: nasu daskararren su ce masa rayib, wanda aka kaɗe a salkar fatar akuya su ce laban, kuma da shi da dabino ake buɗe baki a watan azumi. Bahaushen da ya sauka Sabha ba zai yi baƙunta a wannan fannin ba. Abin da zai rasa shi ne fura mai citta da kanumfari da barkono. Shanu kuma sun yi ƙaranci a can, madarar raƙuma ba ta daskarewa da sauƙi, saboda haka sai a koma ga dabarar da matan birni suka daɗe suna yi a Kano da Maraɗi: madarar gari, ruwan ɗumi, da cokali guda na yogot ɗin kanti a matsayin iri. Yana yi. Wanda ya tashi a kusa da ruga dai zai ce da sauransa, kuma gaskiyarsa ne.

Daddawa ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin aikinta ya sha bamban da na nono, wahalarta kuma ba a cika faɗa ba. Da bazara ɗorawa ke nuna. A sa doguwar gora mai ƙugiya a zazzago, a ɓare, a raba garin nan rawaya mai zaƙi da yara ke sha har bakinsu ya rine, a ajiye ɓawon don makuba da ake daɓe da shafen katanga da ita. Abin da ya rage shi ne kalwa, ƙwaya baƙa mai taurin tsiya. Ita ake zubawa a babbar tukunya a hura mata wuta tun safe har dare, wani lokaci a kwana ana iza itace ana ƙara ruwa. In ta yi laushi a juye a turmi, a sa ɗan yashi ko toka a sussuka har ɓawon ya saki, a kai bakin rijiya a yi ta wanki ana tsince tsakuwa da wadda ba ta dahu ba. A sake mayar da ita wuta, wasu su jefa 'yar kanwa. Sannan a tsane ta da zafinta, a zuba a kwando ko masaki, a lulluɓe da ganye da buhu, a kai ƙuryar ɗaki. Kwana biyu ko uku ba a buɗewa. Mai yi takan sa tafin hannu a kan buhun ta ji ɗumin da ke tasowa daga ciki, ba wuta ba rana. Ranar da aka yaye, warin zai bugi hanci har ido ya kawo ruwa, ƙwayoyin sun yi laushi sun yi yauƙi, in an ɗebo sai zare ya biyo hannu. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a faɗaɗa da tafi, a jera a tabarma rana ta gasa su har su yi baƙi ƙirin. Mai haƙuri yakan dafa dutse, in ji Hausawa. Mai daddawa kusan hakan take yi duk mako.

A nan ba tsami ake nema ba. Halittar da ke wannan aiki, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, tana da wata irin ƙwaya da tafasa ba ta kashewa. Doguwar dahuwar nan sai ta share mata fili, ta kashe abokan takara ta bar ta ita kaɗai. Ita kuma ta shiga farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa, wanda ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye, ta mayar da shi abin da ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Cikin abin da ke fitowa akwai gulutamet, mai ba miya wannan garɗin da ake ji kamar an sa nama alhali ba a sa ba. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fara ware wannan sinadari a 1908, kuma shi ne jigon farin magi da na dunƙule. Mutanen Japan ɗin suna da wani abinci na waken suya, natto, da wannan halittar dai ke yi musu, da yauƙinsa da warinsa, suna ci da shinkafa da safe suna alfahari. Yarbawa na da iru, mutanen Mali da Burkina Faso na da sumbala, na Senegal na da netetu, duk daga kalwa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, kamar arewacin Maraɗi da Damagaram da wasu sassan Sakkwato, mata suka juya ga gurguzu, 'ya'yan yakuwa, suka fitar da daddawar batso, wadda warinta ya fi na yayarta kaifi. A kudancin Kaduna kuwa waken suya ya daɗe da shiga sana'ar.

Ita ɗorawar ma, sunanta na littafi ta Fezzan ya biyo. Ayarin Denham da Clapperton da Oudney ya ratsa ta Murzuk a 1822 kan hanyarsa ta zuwa Borno, Clapperton ya isa Kano da Sakkwato a 1824. A cikin littafin tafiyar, wanda ya fito a 1826, masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin itacen suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Heinrich Barth, wanda ya bi ta Murzuk da Gat a 1850 ya shiga Kano a 1851, shi ma ya ga daddawa a kasuwannin ƙasar Hausa ya rubuta. Turawan nan ba hanya suka buɗe ba, sawun fatake suka bi. Tun ƙarni na 13 ikon Kanem ya kai Fezzan, a ƙarshen ƙarni na 16 kuma da Turkawa suka matsa wa sarakunan Murzuk, Katsina suka nufa neman mafaka. Ta wannan hanya aka kora bayi masu yawa zuwa arewa, mata ne da dama daga cikinsu, kuma su ne suka riƙe madafan gidajen da aka kai su. Wannan ɓangaren ba shi da daɗin faɗa, amma tarihin girki ba ya cika sai da shi.

Kudu ma ta karɓa. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna cikin birnin Kano, a wajen Dandalin Turawa da Alfindiki, su ake dangantawa da abincin alkama irin su gurasa da alkaki da alkubus. Dukkansu sai an kwaɓa an rufe an jira ya tashi. Yau gurasa ta zama tambarin Kano har ba wanda ke tuna baƙuwa ce, alkaki kuwa ba a cika garar amarya ba shi. Wanda ke cewa abincin gargajiya shi ne wanda bai taɓa cuɗanya da na wasu ba, bai leƙa tanderun Jakara ba.

Sai batun da ba a son tonawa. Aikin da ke tayar da ƙullun waina shi ne ke haifar da barasa, bambancin yawa ne da tsawon lokaci. A Fezzan akwai lagmi. Mai hawa yakan sare ganyen kan dabino, ya fafe tsakiyar, ya rataya tulu, ruwan itacen ya riƙa ɗiga cikin dare. Da asuba farin ruwa ne mai sanyi da zaƙi, kowa na sha. In rana ta ɗaga sai ya fara kumfa, kafin ya kwana ya zama abin da ke juya kai. Matafiyin Ingila George Lyon, wanda ya zauna a Murzuk a 1819, ya ba da labarin yadda ake shan sa a can. Libiya ta haramta giya tun 1969, sai dai itacen dabino bai san doka ba, kuma fafewar kan raunata shi, wani lokaci ta kashe shi, shi ya sa mai gona ba ya ba da itacen da ke haihuwa da kyau. Mu ma muna da namu: bammi a kudu, burukutu da fito na dawa da aka tsirar, waɗanda Maguzawa da maƙwabta suka riƙe a bukukuwa da aikin gayya, hukumomin shari'a kuma suka sa wa ido tun daga 2000. Ko kunun zaƙi, in ya kwana biyu a jarka ya fara tsiyayar kumfa yana kumbura murfi, uwar gida ta san zubarwa ake yi.

Malaman Malikiyya, mazhabar da Fezzan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, ba su haramta tsami ba. Maye suka haramta. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa yana sha har zuwa rana ta uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. A littafin dai aka ruwaito ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, shi kuwa khal sai ruwan 'ya'yan itace ya wuce matakin giya yake samuwa. Da shi da gishiri mutanen Libiya ke tsuma karas da barkono da sauran kayan lambu su yi musayyar, abin da ba a rasa shi a gefen faranti. Saboda haka masu ɗaga hanci a kan koko mai tsami ko nonon da ya kwana da sunan tsantseni, sun ɗora wa kansu abin da ba a ɗora musu ba.

Ta fuskar lafiya ribar a fili take, kodayake 'yan intanet sun fara wuce gona da iri, suna mayar da kowane abu mai tsami maganin kowace cuta. Abin da aka tabbatar ya isa. Jiƙa gero a bar gasara ta kwana yana rage wani sinadari da ke hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin hatsi. Kokon da ya yi tsami ya fi kunun da bai yi ba jure ƙwayoyin gudawa, abin da ke da muhimmanci ga yaron da ake yayewa. Mutane da yawa da ɗanyar madara ke murɗa wa ciki suna shan nono lafiya lau. Amma tsami ba ya wanke ƙazanta. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin da ke sa dabba ɓari. Nonon da aka tsinka da ruwan kududdufi aka kaurara da garin ƙwame, daddawar da aka shanya a bakin kwata ƙuda na biki a kai, waɗannan ba gado ba ne, sakaci ne, kuma su ne suka fi kowace talla korar 'yan boko daga ƙwarya zuwa roba.

A Sabha, yanayi kansa kan sa mutum ya koma makaranta. Da rani zafi kan haura digiri 40, ƙullun da a Kano zai kwana, a can kafin la'asar ya yi tsamin da ba ya soyuwa. Da hunturu kuwa dare kan yi sanyin da ruwa ke neman daskarewa, a kwaɓa waina da yis ta ƙi motsi sai an naɗe robar da bargo. Ga ɗaukewar wutar lantarki da kudancin Libiya ya sha fama da ita tun bayan 2011, wadda kan mayar da firji akwatin ajiye kwanuka. Yawancin 'yan ci-ranin kuma maza ne, waɗanda a gida ba su taɓa tace gasara ba. Sai ga ƙato yana riƙe da waya, yana tambayar Inna ko uwar ɗakinsa awa nawa ake jiƙa shinkafa, da wane irin ruwa ake dama koko. A nan ake gane inda gadon yake. Ƙullin daddawa yana ƙarewa cikin wata biyu. Abin da ke sa a sake samun wani yana hannun matan da ba a taɓa rubuta sunansu a littafi ba, kuma yawancinsu sun manyanta.

An saba ɗora wa magi laifin komai, ni kuwa ina ganin laifinsa bai kai yadda ake faɗa ba. Dunƙulen da kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fitar a 1908, wanda Nestlé ta mallaka tun 1947, ya ci kasuwa ne da hujja: ba tsakuwa, ba wari a hannu, ɗanɗanonsa ɗaya kullum, ana sayen ƙwaya guda, an kuma ƙara masa aidin da sinadarin ƙarfe. Illarsa ita ce kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada baligi ya kai giram 5 a yini, ga hawan jini ya zama ruwan dare. Ba ya kuma ƙara wa miyar talaka abin gina jiki kamar yadda daddawa ke yi. Amma a yawancin gidaje ba kishiyoyi ba ne, tukunya guda suke shiga. Abin da ke cin daddawa a hankali wasu abubuwa ne daban. Itacen girkin da za a kwana ana izawa ya yi tsada. Ɗorawar da ke gonaki ta tsufa, ana sarewa don gawayi da fili, sabuwa kuma takan kai kusan shekara 10 kafin ta yi 'ya'yan kirki, ba mai haƙurin dasawa. Wanda ya zaga Ɗorayi a Kano yau bulo da kwano zai gani. 'Yan mata sun ga iyayensu sun ƙare da hayaƙi a ido da wari a zane kan riba ƙalilan, sun ce a kai kasuwa. Akwai kuma kunya, wadda ke sa amarya ta ɓoye daddawa a bayan kwalaben kanti kada ƙawaye su ce baƙauya ce.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanyar. Koriya ta Kudu ta sa UNESCO ta amince da al'adar haɗa kimchi a 2013, a Disamban 2024 kuma Kodebuwa ta samu irin wannan da aceke, garin rogonta mai tsami. Takardar UNESCO ba ta hura wuta a murhu, amma tana cire wa abu kunya, kuma a wajenmu wannan rabin aiki ne. Sauran rabin na hannu ne, kuma an fara shi nan da can: injin ɓare kalwa da ke rage doguwar dahuwa da sussuka, shanya a kan raga a rufe maimakon tabarma a ƙasa, niƙa ta gari a ɗura a roba mai murfi da sunan mai yi a jiki. Irin wannan garin ne ke shiga jakar alhazai da ɗalibai zuwa Makka da Alƙahira, shi ne kuma ya fi dacewa da tafiyar Agadas zuwa Sabha, inda dunƙulen da bai bushe sosai ba kan yi fumfuna a leda tun kafin a kai Gatrun. Matsalar da ta rage ita ce injin na mai jari ne, mai jarin kuma galibi namiji ne ɗan birni. In ba ƙungiyoyin matan da ke sana'ar ne suka mallaki injin da tambarin ba, za a wayi gari daddawa ta samu shiga manyan kantuna, tsohuwar da ta san lokacin yaye buhu kuwa ta koma 'yar ƙwadagon wankin kalwa a masana'antar wani.